Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dattawan Haus Seefahrt Na Bremen, Daga Wani Na Ƙasan Jirgi

Zuwa ga shugabanni, kyaftin-kyaftin da attajiran Haus Seefahrt, tsohon gidan asusun tallafa wa mutanen teku, Bremen, ƙasar Jamus.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin ma'aikaci ke yi wa na gaba da shi, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da tsofaffin da kuke riƙo a Grohn.

Ba ku san ni ba, kuma babu abin da zai sa ku san ni. Ni ne dai na san fuskokin da yawa daga cikinku. Duk shekara, ranar Juma'a ta biyu a watan Fabrairu, nakan ɗauki hutun yini, in zo dandalin kasuwar tsakiyar gari, in raɓe kusa da mutum-mutumin Roland, hannu cikin aljihu saboda sanyi, in kalli fitowarku daga Schütting, gidan 'yan kasuwar gari, kuna ratsa fili zuwa gidan majalisar gari domin walimarku ta shekara. Attajirai da baƙi cikin baƙar kwat mai wutsiya, kyaftin-kyaftin cikin yunifom mai zoben zinariya a hannun riga. Ko da za a musanya muku kaya, zan ware kyaftin daga attajiri ta tafiyarsa kaɗai: ƙafa a ware, takawa a hankali, kamar mai zargin ƙasa za ta karkace. Ni ma haka nake tafiya, har maiɗakina ta gaji da yi mini dariya.

Shekara 19 na yi a teku, amma ban taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba. A Apapa na shiga a 1996, shekara guda bayan kamfanin jiragen ruwan gwamnatin Najeriya ya durƙushe, lokacin da saurayi mai son aikin ruwa ba shi da zaɓi sai jirgin baƙi. Na fara da shara da goge mai a ɗakin inji, na ƙare ina mai ba inji mai. Jiragen da na yi wa aiki, huɗu daga ciki na Jamusawa ne, amma ko ɗaya babu mai tutar Jamus. Yanzu ina Bremerhaven, cikin masu tura motoci cikin jirgi suna ɗaure su. Da Hausa na rubuta wannan takarda saboda Jamusancina na kasuwa ne, yana sayen burodi amma ba ya ɗaukar magana mai nauyi. 'Yata za ta juya muku ita. Kuma ina so 'yan'uwana masu jin Hausa su san labarin gidanku, don abin a sani ne.

Bari in fara da abin da ya sa nake ganin girmanku, kada a ɗauka tsiya na zo yi.

A 1545 majalisar Bremen ta amince wa masu tuƙa jiragen garin su kafa asusu. Sunan da aka ba shi tun farko shi ne ya fi tsaya mini a rai: Arme Seefahrt, wato asusun matalautan teku. Ba a ce ƙungiyar manya ba, ba a ce majalisar masu jirgi ba. A wancan zamani jirgi na katako ne, iska ke tura shi, babu inshora, babu fansho, babu asibitin kamfani. Wanda ya faɗo daga saman itacen filafilai ya karye, ko sanyin tekun arewa ya cinye masa yatsu, ko 'yan fashin teku suka sare shi, to ya gama aiki ke nan, sai bara a ƙofar coci. Wanda kuwa ruwa ya ci, matarsa da 'ya'yansa ne za su yi barar. Duk wanda ya je gidan tarihin jiragen ruwa a Bremerhaven ya tsaya gaban jirgin nan na 1380 da aka tono daga cikin laka a kogin Weser a 1962, zai gane irin kwale-kwalen da mutane ke ba wa amanar ransu. Ni da na gan shi sai da na ce, a kan wannan ake ƙetare teku? Ko Baro zuwa Lokoja ba zan yarda in hau shi ba.

To daga ina kuɗin asusun ke fitowa? Nan ne maganata take. Wani kaso daga kuɗin Allah ne, ɗan abin da ake ajiyewa sadaka in an ƙulla ciniki ko yarjejeniya. Wani daga kyauta da wasiyya. Wani kuma daga tarar da ake cin mutanen jirgi in sun yi laifi a tafiya. Wa ake ci tara a jirgi? Ai ba mai jirgi ba ne. Yaron da ya yi dambe ne, da wanda ya yi barci a bakin gadi, da wanda bakinsa ya kufce. Ke nan tun tubalin farko, akwai gumin na ƙasa a ginin gidan nan.

Ranar da 'yata ta karanta mini wannan a teburin cin abinci, dariya na yi har ta tsorata. Ga dalili.

A wani jirgin kwantena da na yi wata tara a cikinsa, kukunmu yana da wani gwangwanin madarar gari da ya huda wa murfi, ya ɗaure shi da waya a jikin shelf ɗin ɗakin cin abinci don kada igiyar ruwa ta kayar da shi. Doka ce tsakaninmu, ba ta kamfani ba. Ka bar kofi ba wanki, dala ɗaya. Ka makara wajen karɓar wanda ke bakin aiki, dala biyu. Ka zagi uwar wani, dala biyar, kuma da kowane yare ka yi zagin akwai mai fassarawa, don mu ƙasa shida ne a jirgin. Niyyarmu in an tara a sayi nama a gasa ranar Kirsimeti, a raba saura a sayi katin waya. Ba mu kai Kirsimetin ba. Wata asuba muna ɗaure jirgi a tasha, igiya ta tsinke. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba: igiya ce mai kaurin cinyar mutum, in ta tsinke a ɗaure takan dawo da ƙara kamar an harba bindiga. Ta sami wani ɗan Filifin da muke kira Kuya, wato yaya da yarensu, don ya girme mu duka. A gwiwa ta same shi. Ni ina ƙasa, ƙarar kawai na ji ta cikin ƙarfe. Da na hau, na tarar da shi kwance, bai ko yi ihu ba, yana ta tambayar bosin, wato shugaban ma'aikatan saman jirgi, wai an ɗaure jirgin kuwa?

Kamfani ya biya asibiti, ya biya tikitin komawa gida, ya biya abin da takardar kwantiragi ta ce. Ban ce an cuce shi a kan takarda ba. Amma mutum mai shekara 51 da gwiwar ƙarfe ba zai sake cin gwajin likita na shiga jirgi ba, kuma 'ya'ya uku ne a makaranta. Daren da za mu tashi, kuku ya kwance wayar nan, ya zazzage gwangwanin a kan tebur. Kowa ya ƙara abin da ya sawwaƙa. Kyaftin, wani Bajamushe mai ƙarancin magana, ya sauko da kansa ya ajiye ambulan bai ce komai ba. Wakilin kamfani na tashar ya kai masa asibiti. Mun yi ta musayar saƙo kamar wata takwas, daga nan shiru.

Kun ga abin da ya ba ni dariya. Mu a ganinmu dabara muka ƙirƙiro. Ashe abin da kakanninku suka yi ne, sai dai su nasu gwangwanin sun kai shi gaban majalisa an buga masa hatimi, shi ya sa ya rayu wajen shekara 480, namu kuwa ya mutu ranar da kwantiraginmu ya ƙare kowa ya kama gabansa.

Rayuwar da naku ya yi ba ƙaramin abu ba ce. A 1561 aka sayi gida a titin Hutfilter, aka yi ɗakunan da tsofaffi da matan mamata za su zauna kyauta. Ba a yi nisa ba matuƙa suka jawo attajirai cikin riƙon asusun, don mai tafiya wata shida ba ya iya tsare littafin lissafi. Aka sake gini bayan shekara ɗari, aka ƙaura zuwa wani titi a shekarun 1870, bama-baman 1944 suka rushe wannan, aka koma Grohn a arewacin gari bayan yaƙi. Na je Grohn sau ɗaya, wata Lahadi da bazara. Ban shiga ba, na tsaya a bakin tsohuwar ƙofar dutsen nan ta ƙarni na 17 da kuka ɗauko daga tsohon gida. Wata tsohuwa na ba furanni ruwa a gaban ɗakinta, ta ɗaga mini hannu. Na ce a raina, wannan mijinta ya yi aiki, kuma aikin bai bi ruwa ba. Wallahi na ji daɗi.

Taken gidanku kuwa na san shi da ka: Navigare necesse est, vivere non est necesse. Tafiya a teku dole ce, rayuwa ba dole ba ce. Da farko na ƙi jinin wannan magana, don na ji irinta da yawa daga bakin mutanen ofis masu bugo waya daga tudu suna tambayar me ya sa aka rage gudu alhali hadari ya rufe gabas da yamma. Daga baya na ji asalinta. Pompey ne, sarkin yaƙin Rum, ya ɗauko hatsi zai kai wa birnin da ke cikin yunwa, iska ta taso, matuƙa suka noƙe. Shi ya fara taka jirgin, sannan ya ce a ɗaga anga, sannan ya faɗi maganar. To haka kam na yarda. Wanda ƙafarsa ke cikin jirgi yana da bakin faɗin ta. Wanda ke tudu, in ya faɗe ta, bashi ya ɗauka.

Sai walimar taku, Schaffermahlzeit, wadda duk Jamus ta san ku da ita. Asalinta cin abincin bankwana ne. In hunturu ya zo ƙarshe, ƙanƙara ta fara sakin kogi, matuƙa da masu kaya sukan zauna a yi lissafin shekara, a ci a sha, don ba wanda ya san wa zai dawo. Tun 1952 a babban zauren sama na gidan majalisa kuke yin ta. Mutum wajen 300: kyaftin 100, attajirai 100, baƙi 100 daga wajen Bremen, kuma baƙo sau ɗaya ake gayyatarsa a duk rayuwarsa, komai girmansa. Wannan doka ta burge ni. A wurinmu da babban mutum ya ɗanɗana sau ɗaya, kujerar ta zama tasa har jikoki. Tebura a jere kamar mashi mai baki uku. Attajirai uku da aka zaɓa su ne ke biyan kuɗin komai daga aljihunsu, don abin da aka tara ranar ya tafi asusu cif.

Abincin ma na bi shi ɗaya bayan ɗaya, ko da yake a takarda na ci shi. Romon kaza, sai busasshen kifi da miyar mustad da dankali, sai kabejin hunturu da tsiran Pinkel da nama mai hayaƙi, sai gasasshen naman maraƙi, sai wani kifin mai hayaƙi da cuku da 'ya'yan itace. Busasshen kifin nan ya sa ni murmushi, don shi ne panla da na taso ina gani a kasuwannin Legas, mai tauri kamar itace, wanda har gobe Najeriya na cikin manyan masu sayensa daga Nowe. Ashe abincin talakan jirgi ne, shi ya sa yake kan teburinku. Akwai kuma ruwan malt ɗin nan mai kauri da ake dafa muku musamman, ana zagayawa da shi cikin manyan kofunan azurfa. Cokali da wuƙa ɗaya tal kowa ke samu, in an sauya abinci ya goge da takarda mai tsotse ruwa, kamar yadda ake yi a jirgi inda wuri da ruwan wanki suke da tsada. Gishiri da barkono a ƙunshin takarda. A ƙarshe dogayen lofe na yumɓu. Awa biyar ana abu ɗaya, jawabi 12. Nan kam na tausaya muku, ko tafsirin watan azumi bai kai haka ba.

Amma duk cikin al'adun nan babu wadda ta kai kiran da ake buɗe ƙofa da shi: Schaffen, schaffen, unnen un boven, unnen un boven schaffen! Kiran kukun jirgi ne da tsohon yaren bakin teku: a zo a ci, a zo a ci, na ƙasa da na sama. Ranku ya daɗe, na ƙasa aka fara ambata. Kuma sau biyu.

To su wane ne na ƙasa a yau?

Kun fi ni sani. Tun zamanin jiragen tururi ba 'ya'yan Bremen kaɗai ke ƙasa ba. Kamfanin jiragen ruwa na Norddeutscher Lloyd, da aka kafa a garin nan a 1857, ya ɗauki 'yan Sin suna zuba gawayi a tanderu suna wanki. Kamfanin Hansa na nan Bremen ya yi shekara da shekaru da ma'aikata Indiyawa. Jiragen da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma kuwa, mutanen Kru na Laberiya ne ke hawa suna loda kaya suna saukewa daga tasha zuwa tasha. A watan Mayun 1966 aka sauke kwantenar farko a Jamus, a nan Bremen, daga jirgin Fairland, kuma daga ranar zaman jirgi a tasha ya fara raguwa daga mako zuwa awoyi. A 1989 aka buɗe rajistar jiragen ruwa ta biyu a Jamus da ta ba masu jirgi damar ɗaukar baƙi a kan albashin ƙasashensu. Yau mafi yawan jiragen da Jamusawa suka mallaka tutar wata ƙasa suke ɗagawa, Laberiya, ko Antigua da Barbuda, ko Fotugal. Ku zo Bremerhaven kowace safiya ku tsaya a gindin tsani ku ga masu saukowa: 'yan Filifin, Indiyawa, 'yan Yukren, 'yan Indunusiya, jefi-jefi ɗan Gana ko ɗan Kef Bad. Cikin ma'aikatan jirgin ruwa kusan miliyan 1.9 da ke duniya, waɗannan su ne masu riƙe igiya. Su ne Arme Seefahrt na wannan zamani, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Taimakon gidanku, kamar yadda kowa ya sani, yana zuwa ga tsofaffin kyaftin, da matan da suka rasa mazajensu, da ɗaliban da ke koyon tuƙin jirgi. Ban ce a rage musu ko sisi ba. Tsohuwar nan mai furanni haƙƙinta take ci. Cewa nake inuwar ta yi gajarta, don bishiyar tana nan inda aka dasa ta, mutanen kuwa sun matsa.

Za a ce da ni al'ada ce, kuma takardar kafa gida ta fayyace wa za a ba. Na ji. Amma na ga al'adar nan tana lanƙwasawa in ta ga dama. Shekara 459 babu mace a teburin, sai ga Kyaftin Barbara Massing ta zauna a 2004, don ba yadda za a yi a ce ba kyaftin ba ce. A 2007 Angela Merkel ta zo a matsayin babbar baƙuwa. Daga baya aka buɗe wa mata ƙofar baƙunci, sannan ta zama memba a ɓangaren attajirai. Rufin zauren bai faɗo ba, kifin bai canza ɗanɗano ba. Tun kafin wannan ma, da yashi ya cike Weser manyan jirage suka kasa isowa gari, ai ba zama aka yi ana cewa kakanninmu a nan suka ɗaure jirgi ba. An haƙa tasha a Vegesack wajen 1620, da hannun gidanku a ciki. Da can ma ta gaza, magajin gari Johann Smidt ya sayi fili a bakin teku a 1827 aka kafa Bremerhaven. Da ruwa ya ja baya, bin sa kuka yi. Yanzu mutanen jirgi ne suka ja baya zuwa Manila da Odesa da Tema.

Za a kuma ce ai yanzu akwai doka. Gaskiya ne. Akwai yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 da ta fara aiki a 2013, akwai inshora, akwai ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai sufetoci a tashoshi, kuma na ga ranarsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Doka tana biyan kuɗin gwiwa, ba ta biyan shekara goma sha biyar da suka rage wa mai gwiwar. Kuma mun ga yadda dokar ta yi laushi a 2020. Da korona ta rufe iyakoki, sai da ma'aikata wajen 400,000 suka maƙale a jirage bayan kwantiraginsu ya ƙare, wasu sun haura shekara ɗaya da rabi ba su taka ƙasa ba, alhali doka ta ce kada a wuce wata 11. Ina tashar a lokacin. Mukan tura mota cikin jirgi, su suna tsaye can nesa da takunkumi, ba a yarda su sauko ba. Wani yaro ya jefo mini takarda a nannaɗe da kuɗi a ciki, wai don Allah in sayo masa man goge baki da katin intanet. Makwabtanku a Hamburg sun ga 'yan tsibirin Kiribati fiye da 100, waɗanda kamfanonin Jamus suka horar suka yi wa aiki shekara da shekaru, zaune wata da watanni a masaukin matasa don ƙasarsu ta rufe ƙofa. Mutanen mishan na ma'aikatan teku, wato ƙungiyar coci mai kula da su, ne suka tsaya musu. Ku kanku a 2021 ba ku yi walima ba, ke nan kun ɗanɗani kaɗan daga abin.

Akwai wata da nake faɗa da kunya, don a ruwanmu take faruwa. A shekarar 2020 an sace ma'aikatan jirgi 135 a duniya don neman kuɗin fansa, 130 daga ciki a tekun Gini, gaban Najeriya da Benin da Togo da makwabtansu. Abin ya ragu sosai daga baya, Alhamdulillahi, amma waɗanda suka yi makonni a cikin fadamun Neja Delta suna nan da abin a ransu, wasu ba su sake iya shiga jirgi ba. Wannan ma ba sabon abu ba ne a tarihinku. Da 'yan fashin gaɓar Afirka ta Arewa suka addabi jiragen Hamburg, kyaftin-kyaftin na can sun kafa asusun fansar kansu a 1622. Sai aka ga talakan jirgi ba shi da ƙarfin shiga, in an kama shi sai ya tsufa a Aljiyas. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1624, aka kafa wani asusun domin na ƙasa. Shekara biyu fa. Mutanen da ko wutar lantarki ba su da ita.

Kada ku ji kamar ina jifan kyaftin-kyaftin. Na zauna da na kirki da na banza, kamar kowace sana'a. Wanda ya ajiye ambulan ɗin nan, shi ne kuma da ya lura ina fama da neman alƙibla in jirgi ya juya, ya sa mataimakinsa ya riƙa liƙa mini 'yar takarda a ƙofar ɗakin cin abinci kowace safiya, da kibiya da lamba. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi masa ba. Na tabbata cikin ɗarin nan da ke ratsa dandali akwai irinsa da yawa, kuma na tabbata kowannensu yana da nasa Kuya da yake tunawa in dare ya yi. Su nake so su ɗauki maganar nan su kai ta taronku, don ni ba ni da kujera a can, kuma daidai ne, ban ci jarrabawar kyaftin ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A ware wani kaso daga abin da ake tarawa ranar walima, ko da ɗaya bisa goma ne, domin ƙananan ma'aikatan da suka nakasa ko suka mutu a jiragen kamfanonin Bremen, komai tutar jirgin, komai fasfon mutumin. Ba sai kun buɗe ofis a Manila ba. Mishan na ma'aikatan teku yana Bremen tun 1854, yana da kulob a Bremerhaven inda na sha shayi ba adadi ba a taɓa tambayata addinina ba, kuma 'yan'uwansa na da gidaje har Lome da Duwala. Sun san jiragen, sun san mutanen, sun san wanda ke ƙarya. In takardar gidanku ba ta ba da dama ba, cikin attajirai ɗarin nan ba za a rasa lauyan da zai nuna hanya ba. Kuma a faɗi kason da baki a cikin zauren, a gaban ministoci da shugabannin kamfanoni, don cikin masu sauraro akwai waɗanda jiragen nasu ne.

Sai kujera ɗaya. Cikin baƙi 100, a bar guda domin bosin ko kuku ko mai ba inji mai, daga jirgin da ke tasha a makon. A ara masa kwat mai wutsiya, ai ana bayar da haya. Ba sai ya yi jawabi ba, sha biyun sun isa. Ya zauna kawai, ya goge wuƙarsa da takarda kamar kowa, ya ji an kira na ƙasa da na sama da kunnensa. In ya koma jirgi, kafin su kai mashigin Ingila labarin ya zaga jirage hamsin ta waya. Ba don kaina nake nema ba. Na bar teku shekara goma ke nan, kuma rabin abin da ke teburin bai halatta gare ni ba, sai dai in cika ciki da panla da romon kaza.

Juma'a ta biyu ta Fabrairu mai zuwa, in Allah ya kai mu, ina nan inda na saba tsayawa, gefen Roland ta wajen gidan majalisa, da hula zanna a ƙarƙashin hular rigar sanyi. Amsa kuwa ba sai ta zo gare ni ba, a kai ta kulob ɗin Bremerhaven, can ne masu ita suke zuwa in an ba su awa uku su sauka.

Allah ya ja zamaninku, ya kai kowane jirgi tasha lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikacin ɗakin inji,
Gröpelingen, Bremen.